Mun Iya Rubutu, Mun Kasa Yin Takarda

Daga Sakkwato zuwa Kano, daga Kukawa zuwa Abeshe, har nan N'Djamena inda kogin Shari ya haɗu da Logon, babu abin da muke tinƙaho da shi kamar karatu da rubutu. Kullum bakinmu yana cewa mu jikokin malamai ne, kakanninmu sun wallafa littattafai tun Bature bai san hanyar ƙasarmu ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai akwai wata gaskiyar da muke tsallakewa, yau kuwa sai an faɗe ta komai ɗacinta: duk rubutun nan a kan takardar wasu aka yi shi, kuma har gobe a kan takardar wasu muke yin sa. Chadi ba ta da masana'antar da ke yin takarda daga tushe. Nijeriya ta gina manya guda uku da dukiyar talakawa, sannan ta naɗe hannu tana kallo suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sunan wannan abu sakaci, kuma ba wani baƙo ne ya zo ya yi mana shi ba. Mu muka yi wa kanmu.

Shiga zauren kowane alaramma a unguwanninmu ka ƙare wa kayan aikinsa kallo. Allon da yara ke riƙe da shi, masassaƙin gari ne ya sassaƙa. Alƙalamin kara ne, malam da kansa ya feƙe shi da 'yar wuƙarsa, ya tsaga bakin daidai yadda hannunsa ke so. Tawadar gawayi ce da ƙaro, ƙaron nan da Chadi ke cikin manyan masu fitar da shi a duniya. Gafakar da aka adana Alƙur'ani a ciki, majemi ne ya jeme fatar, baduku ya ɗinka. Kowane abu a zauren nan akwai mai sana'arsa a cikinmu, an san gidansu, an san wanda ya koya musu. Abu guda ne babu mai shi, shi ne kuwa wanda aka ɗora dukkan ilimin a kansa.

In alaramman yana da tsohon Alƙur'ani na gado, roƙe shi ya zaro maka falle ɗaya, ka ɗaga shi saitin hasken rana. Za ka ga siraran layuka a jikin takardar, sau da yawa kuma ka ga jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Wani fallen fuskar wata ce a cikin garkuwa, da haruffan boko guda biyu, A da G. Babu tawada a jikinsu, a cikin naman takardar suke, tun tana jiƙe aka dasa su. Haruffan nan sunan Andrea Galvani ne, ɗan wani gidan masu yin takarda a yankin Pordenone da ke arewa maso gabashin Italiya. Masu binciken tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar Hausa da Barno sun iske cewa babban kaso na takardun ƙarni na 19 daga masana'antun wannan yanki suka fito, na gidan Galvani kuma suna kan gaba.

Tarihin gidan nan ya kamata kowane ɗalibinmu ya sani, domin ya shafe mu fiye da jerin sarakunan Turai da ake sa yara haddacewa. Masana'antarsu da ta fi shahara tana garin Cordenons, inda ake ƙirga farkon yin takarda daga 1630. A ƙarni na 18 ta shiga hannun zuriyar Galvani, suka faɗaɗa ta, suka riƙe wasu a garuruwan kewaye. Masu yin takarda na ƙasar Venis sun san kasuwarsu sarai. Sun gane Musulmin daular Usmaniyya da Masar da Afirka ba za su so rubuta sunan Allah a kan takarda mai tambarin gicciye ba, sai suka riƙe tambarin jinjirin wata, suka kuma yi ta da kauri yadda za ta jure alƙalamin kara. Daga tashoshin Venis da Triyeste jiragen ruwa ke kai ta Tarabulus da Bangazi da Iskandariya. Daga nan sai bayan raƙumi: wata ta bi Gadamus da Gat da Agadas ta sauka Kano, wata ta bi Murzuk da Bilma ta sauka Kukawa, wata ta bi Kufra ta sauka Wadai, ta hanyar da aka buɗe zamanin Sarki Abdulkarim Sabun a farkon ƙarni na 19. A kan irin wannan takarda ta ƙetare Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka rubuta abin da muke alfahari da shi. A kanta aka rubuta wasiƙun da suka gudana tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno.

To, da me ake yin wannan takarda mai daraja? Da tsumma. Tsofaffin riguna da yagaggun zannuwa ake tarawa, mata su zauna su ware su iri-iri, a yayyanka, a jiƙa har su yi laushi, a zuba a turame, gudumar da ruwan rafi ke juyawa ta yi ta dakansu har su zama kullu. Sai gwani ya tsoma wani faifan waya mai kama da rariya a cikin kullun, ya ɗago, ya girgiza, ruwa ya tsiyaye, falle ya kwanta. A jikin wayar ne aka ɗinka hoton watan. A matse fallayen tsakanin barguna, a hau da su bene a shanya, a tsoma su a ruwan danƙon da aka dafa daga guntayen fata don kada tawada ta yi naso, sannan a goge su su yi sheƙi. Shi ya sa gine-ginen irin waɗannan masana'antu suke da siffa guda: ƙasa duhu da danshi a bakin ruwa, sama kuma dogon ɗaki mai tagogin katako birjik da ake buɗewa da rufewa gwargwadon iska.

Yanzu a tsaya a yi lissafi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takarda mai tambarin wata uku cikin hajojin da ake kawowa daga Turai, ya kuma ce da ita ake naɗe tufafin da aka saƙa a ƙasar. Wato birnin da tufafinsa ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, birnin da auduga da tsumma da guntayen fata suka yi masa yawa, shi ne ke sayen tsumman Turawa da aka daka bayan ya yi watanni a hamada. Ana iya yi wa kakanni uzuri. Ba su da rafukan da ke gudu rani da damina su juya musu guduma, takardar kuma tana iso musu a farashin da za su iya. Ba su da ma'aikatar masana'antu, ba su da injiniyoyi masu digiri, ba su da kasafin kuɗi na biliyoyi. Mu fa, mene ne namu uzurin?

Kafin mu zo kan namu, a ji yadda masu abin suka riƙe nasu. Ayarin raƙuma ya daina ratsa hamada, masana'antar ma ta fita daga hannun zuriyar Galvani, amma aikin bai mutu ba. An sauya injuna, aka koma yin takardun alfarma na bugu da kwalliya, a 2018 kamfanin Fedrigoni ya saye ta, aka ci gaba da yin takarda a Cordenons. Gidan iyalin da ke Pordenone ya zama lambun shaƙatawa da zauren nune-nune na jama'ar gari. A Toscolano, bakin tafkin Garda, inda kwari guda ya taɓa cika da masana'antun takarda, an gyara ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen an mai da shi gidan tarihi, 'yan makaranta suna zuwa suna ganin yadda falle ke fitowa daga kullu. A ƙasar Finlan akwai wata masana'antar kwali a ƙauyen Verla wadda ta daina aiki a 1964. Ba a kira masu sayen tsohon ƙarfe ba. An bar injunan a inda suke, da ɗakin shanya, da gidajen ma'aikata, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1972. A 1996 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. A wannan shekarar ce dai injunan masana'antar takarda ta Jebba, ɗaya daga cikin ukun nan na Nijeriya, suka yi shiru.

Wanda ya zaɓi Jebba ya san abin da yake yi. Gari ne a bakin kogin Kwara, ruwa ba ya yankewa. Layin dogo daga Legas zuwa Kano ta kan gadarsa yake bi, don haka kaya na iya hawa Arewa ko su gangara Kudu. Madatsar Kainji tana sama da shi, daga baya ma aka gina wata tashar wutar lantarki a Jebban kanta. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, masana'antar ta fara aiki da ƙarfin tan 12,000 a shekara. A 1985 aka faɗaɗa ta zuwa tan 65,000, tana yin takarda mai ƙarfi ta buhu da ta kwali, irin wadda kowane kamfanin siminti da sabulu da biskit ke buƙata. Gari ya rayu da ita. Masu sayar da abinci da masu gidajen haya da direbobi suka sami na tuwo, matasa daga Arewa da Kudu suka koyi sarrafa tukunyar tururi da injin shimfiɗa takarda. Gwamnati ta ƙara biyu: ta Oku Iboku a jihar Akwa Ibom ta yau, mai ƙarfin tan 100,000 na takardar jarida a shekara, wadda ta fara aiki a 1986, da ta Iwopin a jihar Ogun, domin takardar rubutu da bugun littattafai. Ɗaya ta ɗauki kwali, ɗaya jarida, ɗaya littafi. Da an riƙe su, da Chadi da Nijar da arewacin Kamaru a maƙwabta za su riƙa sayen takarda.

Me ya kashe su? Takarda mai ƙarfi tana buƙatar haɗin zare iri biyu, gajere da dogo. Itatuwan ƙasashenmu, har da malaina da aka dasa gandu-gandu domin wannan aiki, gajeren zare suke bayarwa. Dogon zaren daga itatuwan ƙasashen sanyi ake samun sa, don haka sai an sayo kullunsa daga waje da dala. Haka sinadarai, haka kayan gyaran inji. Masu tsara abin sun san da wannan giɓi tun ranar farko, suka jingina komai a kan kuɗin man fetur, suka manta ba kullum ake kwana a gado ba. Da farashin mai ya faɗi, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar Naira ta zube, sayo kullu ya gagara, inji ya lalace babu safaya. Oku Iboku ta tsaya a farkon shekarun 1990, ko shekara goma ba ta cika tana aiki ba. Iwopin tun shekarun 1970 aka fara ginin ta, aka yi ta jan ƙafa kusan shekara ashirin, da aka buɗe ta kuma ba ta taɓa kusantar abin da aka gina ta dominsa ba, ta sake rufewa.

Abin da ke ƙona rai shi ne, dogon zaren da aka ce an rasa yana bayan gidan kowa. Rama ce. Ramar nan da mata ke kwaɗawa da ƙuli-ƙuli, wadda muke tufka igiya da ɓawonta, ɓawon nan dogon zare ne da ake yin takarda da shi, kuma masana harkar noma da masana'antu sun daɗe suna nanata haka. A 'yan watanni take girma, manomin Zariya da na Mundu duk sun iya noman ta. Tuƙar rake, wato abin da ke saura bayan an matse ruwan, Masar da Indiya suna yin takarda da ita, ga kuma kamfanin sukari na Bacita dab da Jebba. Daga 1969 zuwa 1996 shekara 27 ke nan. Cikin waɗannan shekaru an yi ministoci, an yi shugabannin hukumar gudanarwa, an ci alawus, amma ba a sami wanda ya haɗa manomin rama da bakin injin ba. Shigo da kaya daga waje akwai kwangila a ciki, akwai lasisi, akwai kamasho. Noman rama babu. Wanda ya ce ƙaddara ce ta kashe masana'antun nan, ya ji tsoron Allah.

A 2006 aka cefanar da ta Jebba ga wani kamfani mai tushe a Indiya. Ya gyara, ya koma yin takardar kwali daga tsofaffin kwalayen da 'yan jari-bola ke tarawa. Madalla, hakan ya fi kufai. Amma ya tona mana asiri: abin da gwamnati da dukkan ikonta ta ce ya gagara, baƙo ya tayar da shi da sharar da muke zubarwa. Sauran biyun an sayar, ba su farfaɗo ba.

A wurinmu masana'anta sau biyu take mutuwa. Ta farko ranar da inji ya tsaya, ta biyu ranar da aka manta an taɓa yin ta. Ina taswirar ginin? Ina hotunan ranar buɗewa, ina rajistar ma'aikatan farko? Wane gidan tarihi ne ya ajiye ko da naɗi ɗaya na takardar farko da aka yi a Jebba, a nuna wa yaro a ce wannan hannun ubanka ne ya yi ta? Je Kakuri a Kaduna, inda aka buɗe masaƙar farko a 1957, ka ga yadda ciyawa ta cinye harabar kamfanoni. Leƙa Bompai da Sharaɗa a Kano. Tambayi mutanen Sarh labarin masaƙarsu. Hanyar guda ce: a rufe ƙofa, a sallami ma'aikata ana riƙe da haƙƙinsu, ɓarayi su kwance waya da kwanon rufi, gara ta cinye fayiloli, daga ƙarshe a yanka filin fuloti-fuloti.

Kada ɗan Chadi ya karanta wannan ya ce matsalar Nijeriya ce. Su sun gina sun kasa riƙewa, mu ko tubalin farko ba mu aza ba. Tun samun 'yancin kai a 1960, takardar da ake bugawa a ofisoshinmu da wadda ɗan makaranta ke rubutu a kanta daga waje take zuwa. Ta sauka a Duwala, ta hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ko ta hau tirela, ta yi tafiyar kimanin kilomita 1,800 kafin ta shigo ta gadar Ngeli. Kowane shingen hanya da kowane kuɗin fito, uban yara ne ke biyan sa lokacin komawa makaranta, shi ya sa ake ganin kawuna da yawa sun duƙufa a kan littafi guda. Alhali auduga ce babbar sana'ar kudancin ƙasar, kamfanin Cotontchad yana aiki tun 1971. Rake na Banda kusa da Sarh. Koguna biyu a ƙofar babban birni. Tun 2003 ake fitar da man Doba, a 2011 aka buɗe matatar Djarmaya. Kuɗi sun shigo, an gina dandali da manyan otal-otal, amma ba a ga dacewar kafa ko ƙaramar masana'antar da za ta jiƙa tsohon kwali ta fitar da sabo ba.

Dama ma ta zo har gida muka sake ta. A 2010 magajiyar garin N'Djamena, Marie-Thérèse Mbaïlemdana, ta tsaya kai da fata kan hana amfani da leda, gari ya yi fes, kowane mai shago yana neman abin ƙunshi. Wannan kasuwa ce buɗaɗɗiya ga duk attajirin da zai yi jakar takarda. Yau je Kasuwar Gero ko ta Dembe da yamma ka sayi ƙosai ko tsire, ka buɗe abin da aka ƙunsa maka a ciki. Ko dai yagaggen buhun siminti ne, ko shafin littafin ɗalibi da jan biron malaminsa, ko takardar ofis da hatimi da sa hannu, mai ya ratsa sunan wani bawan Allah da ranar haihuwarsa. Mai ƙosai ba ta da laifi, neman halalinta take yi. Laifin yana kan wanda aka ba amanar fayil ya kwashe ya sayar a kilo, da shugabansa da bai taɓa tambaya ba.

Duk mai ganin tsohuwar takarda da tsohon gini shara ne, ya tuna abin da ya faru a garin nan a 2001. Masu bincike na ƙungiyar Human Rights Watch sun shiga tsohuwar hedikwatar DDS, 'yan sandan ciki na gwamnatin Hissène Habré, suka tarar da dubban takardu warwatse a ƙasa, ƙura ta rufe su. A cikinsu aka tsamo sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare. Takardun nan suna cikin manyan hujjojin da kotu a Dakar ta dogara da su ta yanke masa ɗaurin rai da rai a 2016. Da an rushe ginin, ko da wani masinja ya kwashe su ya kai kasuwa, da iyalai da yawa har yau ba su san inda nasu suka ƙare ba. Birnin da ya ga wannan da idonsa bai kamata a koya masa darajar ajiya ba. Yaƙin 1979 da 1980 ya riga ya ci mana gine-gine da takardu da kayan gidan tarihi, abin da ya tsira kuma muna ƙarasa shi da hannunmu. A 2008 aka rushe Gardole, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin. Kuma mun san yadda ake gyara in an so: gidan silima na Normandie ya yi shekaru a rufe, aka gyara shi aka sake buɗewa a 2011.

Za a ce ƙasarmu ta fari ce, babu daji. Babu mai neman a sare bishiya ɗaya. A Sanganer kusa da Jaipur, a jihar Rajasthan ta Indiya mai ƙarancin ruwa, da guntayen yadin auduga ake yin takarda ta hannu ana sayarwa ƙasashen waje. Tela nawa ne a N'Djamena da Kano ke share irin waɗannan guntaye su zubar kowace yamma? Za a ce zamanin waya ne, takarda ta mutu. To a cikin me wayar ta zo, in ba kwali ba? A kan me ake rubuta jarrabawa, da me ake jefa ƙuri'a, a cikin me ake zuba siminti da magani? Za a ce babu wutar lantarki. Wannan matsala ce ta gaske, kuma ita ma laifin masu mulki ce, ba za su kafa hujja da gazawarsu ta farko don su wanke ta biyu ba.

Ya ku masu riƙe da gwamnati a N'Djamena da Abuja da Yamai, ku daina shelar farfaɗo da masana'antu a bakin makirufo. Ku yi dokar da za ta hana rushe ko sayar da tsohuwar masana'antar gwamnati sai an ɗauki hotonta, an kwashe takardunta zuwa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, an ware gini ɗaya da inji ɗaya an bar wa na baya. Ku hukunta ma'aikacin da ya sayar da fayil. Ku sauƙaƙa haraji ga duk wanda zai kafa injin sarrafa tsohon kwali, ku kuma yi alkawarin sayen abin da ya yi domin makarantu.

Ya ku alhazanmu masu shigo da kwantena, Allah ya ba ku dukiya, amma saye da sayarwa kawai kuka iya. Kuɗin da ɗayanku ke kashewa a bikin 'ya guda ya isa a fara ƙaramar masana'antar jakar takarda da za ta ci da gidaje masu yawa. Ribar kwantena tana ƙarewa da mai ita, masana'anta kuwa jikoki take ciyarwa in an riƙe ta, shaida ga ta a Cordenons.

Ya ku malamanmu da magadan malamai, Allah ya rantse da alƙalami da abin da ake rubutawa, amma ga littattafan iyayenku a buhu a ƙarƙashin gado, ɗigon damina da gara suna rabon su. Ku fito da su, ku shanya, ku lissafa, ku bari a ɗauki hotonsu. Arewa House na Kaduna da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato domin wannan aka kafa su, Jami'ar N'Djamena da ta Sarki Faisal kuma nauyin yana kansu ko sun so ko sun ƙi.

Ku kuma malaman jami'a da ɗalibanku, kun rubuta kundaye a kan rama da tuƙar rake sun isa haka nan. Ku jiƙa ɓawon, ku daka, ku fitar da falle, ku kai wa gwamna da attajiri su taɓa da hannunsu. Sashen tarihi ya tura yara su nemo waɗanda suka yi aiki a Jebba da Kakuri da Sarh, a zauna da su, a naɗi muryarsu, a rubuta yadda inji ke aiki da yadda aka yi ya tsaya da wanda ya sa hannu. Mutanen nan sun tsufa, kullum ana binne ɗaya da abin da ya sani a ƙirjinsa. Ba za su jira mu gama taron bita ba. Wanda zai je, ya ɗauki na'urarsa ya tashi yau.